Dattijon Layi na Uku

A gidan rediyon akwai wani ɗan ɗaki tsakanin na Injiniya da wanda ake watsa shiri a cikinsa, ɗakin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya ce wa ɗaya gafara. Tebur ɗaya ne a ciki, da kwamfuta, da kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da waya mai layi uku. A nan take zama kowace safiya, daga ƙarfe bakwai zuwa takwas, tana amsa kiran masu sauraro kafin a haɗa su da Mai Gabatarwa. Ma'aikata suna kiranta Shiru-shiru, sunan kuma bai taɓa damunta ba. Da ta gama jami'a karanta labarai ta zo nema, amma ranar gwaji takardar ta yi ta rawa a hannunta har makirufo ya ɗauki ƙararta. Aka ce a ba ta waya kafin ta saba. Shekara uku ke nan tana sabawa.

Aikin ba wuya. Layi ya kama wuta, ta ɗauka, ta tambayi mutum abin da zai ce, ta rubuta a kwamfuta don Mai Gabatarwa ya gani a allonsa ta can bayan gilashi. Sai ta faɗi abin da take faɗa wa kowa: a rage muryar rediyo. Domin in mutum ya bar rediyonsa yana magana kusa da waya, muryarsa takan dawo ta shiga shirin da kuwwa, Injiniya ya fizge abin kunnensa yana tsaki. Yawancin mutane ba sa ragewa, kowa so yake ya ji kansa. Mutum ɗaya ne ta sani da yake kashewa ɗungurungum, har ya zare batir ya sa a aljihu don kada a samu kuskure, shi ne Baba Mai Agogo.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a wata rumfa gefen tashar mota, har ido ya gaza, masu kawo gyara ma suka gaza. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Duk wannan a hankali ta tsinto shi, a tsakanin maganganunsa.

Ranar da ya fara kira, shekara biyu da wata uku da suka wuce, ta haɗa shi kamar kowa. Ya yi sallama, ya gaida masu sauraro, ya gaida injiniyoyi da masu gadi, sannan ya fara da albasa. Daga albasa ya shiga majalisa, daga majalisa ya faɗa filin ƙwallo. Duk sanda Mai Gabatarwa ya buɗe baki zai ce an gode, sai dattijon ya ce, "Saura kaɗan, ɗana." Minti huɗu cif. Talla biyu suka wuce lokacinsu. Bayan shiri Mai Gabatarwa ya leƙo ɗan ɗakin, bai ko shigo ba.

"Wannan tsohon, kada ki sake ba ni shi. Ko da shi kaɗai ya rage mai waya a duniya."

Washegari, bakwai da minti ashirin, layi na uku ya kama wuta. Ta riga ta shirya abin da za ta ce: Baba, yau layi ya cika, sai wani lokaci. Ta ɗauka, bakinta ya riga ta da abin da ya saba.

"Baba, ka rage muryar rediyo?"

"Na kashe, 'yata. Har batir na cire."

Ta ja numfashi za ta faɗi ɗaya maganar, sai ta ji ya gyara murya, irin gyaran muryar wanda ya miƙe tsaye a gaban jama'a.

"Assalamu alaikum, masu sauraro."

Ya dakata yana jiran a amsa. Ta dubi gilashi, ga Mai Gabatarwa can yana dariya da wani a layi na ɗaya. Ta dubi wayar. Shirun ya yi tsawo, har tana jin agogo suna bugawa a ɗakin dattijon, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Muna jin ka, Baba," in ji ta.

Shi ke nan. Tun daga ranar, kullum bakwai da ashirin Baba Mai Agogo yakan kashe rediyonsa ya yi wa masu sauraro jawabi na minti shida ko bakwai, masu sauraron kuwa mutum ɗaya ce, da waya a kunnen hagu, tana tura wa Mai Gabatarwa wasu masu kira da hannun dama. Shi a ganinsa ci gaba aka samu. Ya taɓa ce mata gara da suka ba ta wannan ɓangaren, wancan ɗan'uwan nata ba ya barin mutum ya kai aya. In ya gama ya mayar da batir, sai ya tarar shirin yana tafiya yadda ya saba, babu abin da zai sa ya yi zargi.

Ba ta taɓa sanin inda maganarsa za ta sauka ba.

"Jiya na je sayen albasa," zai ce, "mai albasa ya rantse mini bai ƙara ko sisi ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Kashin albasar ne ya rame. Da shida ake zubawa, yanzu huɗu ne, da wata 'yar mitsitsiya da ake ɗorawa a sama don kunya."

Sai ya dakata.

"To," in ji ta.

"To haka majalisa take, masu sauraro. Kujerun ba su ragu ba, na kan kujerun ne suka ƙanƙance. Wannan ne ya kawo ni kan mai tsaron gidan ƙungiyarmu. Yaron nan in ya fito tarar ƙwallo, sai ka ce aikensa aka yi ya leƙa ko ruwa ya ɗauke."

"Haka ne, Baba."

Wata rana gada ce da aka yi bikin buɗe ta sau biyu, wata rana mawaƙan da ba ya gane ko kuka suke ko godiya. Akwai wani fim mai dogon zango da maƙwabciyarsa take kallo, shi ta bango yake jin sa, wata takwas ana neman wasiƙa ɗaya. "Ni ban taɓa ganin fuskarsu ba," ya ce, "amma wasiƙar nan tana aljihun direba." Bayan wata biyu ta ji matar yayanta tana salati a falo, gaban talabijin. A aljihun direba aka same ta.

Injiniya kaɗai ya san abin da ke faruwa, tunda shi yake ganin layin da ya fita da wanda bai fita ba. Mutum ne mai furfura a gemu da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Bai taɓa kai ƙararta ba. Iyakarsa in layi na uku ya kama wuta ya ƙwanƙwasa gilashi da biro, ya ce, "Ƙanwata, saurayinki ya iso," ya duba agogon hannunsa ya gyara shi.

Akwai kuma mai aski, wanda ba ta taɓa gani ba. Baba yakan ce, "Mai askin layinmu ya ce ya ji ni jiya, ya ce maganar gada ta yi." In ta ji haka sai ta ji wani abu kamar zumunci tsakaninta da mutumin. A wani wuri cikin garin akwai mai riƙe da almakashi da yake ɗauke da rabin ƙaryarta.

A gidan yayanta take zaune. Ɗakinta shi ne kuma inda Anti, matar Yaya, take jibge kwalayen takalman da take sayarwa ta waya, don haka ta gefe take bi ta hau gado. Ba wanda yake takura mata. In an zauna cin abinci, Yaya yana duba wayarsa, Anti tana amsa wa masu tambayar lamba talatin da tara, 'yan biyunsu suna faɗa kan wa zai zauna kusa da fanka. Sau ɗaya ta gwada maganar kashin albasa da majalisa. Yaya ya yi dariya sosai, ya ce, "Ke kuma Auta, yaushe kika fara siyasa?" Kafin ta ba shi amsa ya koma kan wayarsa. A yini guda, in ta lissafa, Baba Mai Agogo ne kaɗai yake yin magana ya dakata don ya ji me za ta ce, ko da "to" ce.

Ranar wata Litinin Manaja ya tara su bayan shiri. Daga mako mai zuwa, in ji shi, an daina amsa kira kai tsaye. Mai sauraro zai turo saƙon murya, iyakarsa minti ɗaya. Na'ura za ta rubuta abin da ya ce, ta ware na siyasa daban, na wasanni daban, na kasuwa daban, Shiru-shiru ta zaɓi guda biyar. "Kin huta da surutun mutane," ya ce da ita, yana murmushi kamar wanda ya ba da kyauta. Juma'a ce ranar ƙarshe ta waya.

Ta yi tunanin to, abin zai mutu da kansa. Layi zai rufe, dattijon zai tafi da abinsa a zuci, ba wanda ya ji kunya.

Ranar Talata ya kira. Ya riga ya ji sanarwar a rediyo.

"Ni na san wannan hanyar, masu sauraro, na bi ta. Agogon da can, in ya tsaya, sai ka buɗe bayansa ka ga dalili. Na yanzu ba shi da baya. In ya tsaya sai a ce maka ka yi haƙuri, ga sabo."

"To."

"Amma Allah ya yi mini gata. 'Yata ta jinya za ta iso jibi. Shekara biyu ina gaya mata ubanta yana magana a rediyo, tana cewa to Baba, to Baba, irin to ɗin da ake yi wa yaro. A garinsu tashar nan ba ta kamawa. Ranar Juma'a zan ba ta rediyo ta zauna a tsakar gida, ni in shiga ɗaki in rufe ƙofa don kada kuwwa ta shigo muku. Ta ji da kunnenta, ranar ƙarshe."

Hannunta ya tsaya a kan kwamfuta. Layi na biyu yana ta walƙiya ba ta gani ba, sai da Injiniya ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Kina ji na, 'yata?"

"Muna jin ka, Baba."

A cikin motar komawa gida hoton ya ƙi barin idonta: mace zaune a tsakar gida da rediyo a cinya, wasu suna ta magana a ciki, uban kuma yana can bayan ƙofa yana gaida masu sauraro. Sannan ya fito yana gyara hula, ya ce, kin ji?

Ranar Laraba ta yi niyyar gaya masa gaskiya. Har ta rubuta a gefen takarda don kada bakinta ya sake riga ta. Ya ce ya kashe rediyo, ta ce, "Baba, akwai wata magana." Ya ce, "Faɗi, 'yata, masu sauraro na jin ki." Ta dubi takardar. Ta tambaye shi ya yake ganin wasan ƙarshen mako.

Ranar Alhamis ta tsaya a baranda tana jiran Mai Gabatarwa. Ya fito da kofin shayi a hannu ɗaya, makullin mota a ɗaya.

"Yallaɓai, ina da magana."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. "Injiniya! Fito da makirufo, Shiru-shiru na da magana. A sa a kanun labarai."

Ba ta matsa ba. Ta ce akwai wani dattijo da take so a ba shi ko da minti ɗaya gobe. Mai gyaran agogo.

"Mai albasa? Yana nan da ransa?" Ya kurɓi shayi. "Ke, gobe Manaja zai zauna a ciki, da mutanen da suka kawo na'urar. Ba zan ba su minti huɗu na albasa ba. Ki ce ya turo saƙo ranar Litinin, na'ura ta ji da shi."

"'Yarsa ce za ta..."

"Allah ya yi mata albarka," ya ce, yana sauka daga matakala.

Da ta koma ɗaukar jakarta, Injiniya yana tsaye a ƙofar ɗan ɗakin yana naɗe wata igiyar wuta a gwiwar hannu. Bai dube ta ba.

"Shi dai abin da ya gani a allo yake ɗauka," ya ce, kamar da igiyar yake magana. "Ni kuma na'urata ta tsufa. In aka sauke mai kira, wani lokaci layin ba ya yankewa, teburinki yake dawowa. Na sha kai ƙara, ba a gyara ba."

Ranar Juma'a ta iso tun kafin mai shara ya gama. Manaja ya zauna a ciki kusa da Mai Gabatarwa, da wasu samari biyu masu kaya iri ɗaya. Masu kira suka yi ta ban kwana da waya, wasu suna yabo, wasu suna cewa an raina talaka. Bakwai da ashirin, layi na uku ya kama wuta. Yau Injiniya bai ƙwanƙwasa gilashi ba.

"Na kashe, 'yata. Wato ba a kashe ba, yana hannunta a waje, amma na rufe ƙofa, na toshe ƙasan da tsumma."

"Baba, yau shi da kansa zai amsa ka. Saboda baƙuwa."

"Ikon Allah! To, to. Bari in gyara zama."

Ta rubuta a allo: layi na uku, dattijo, maganar ƙwallo. Ta danna.

"Layi na uku, muna jin ka," in ji Mai Gabatarwa.

"Assalamu alaikum, masu sauraro. Ina gaida injiniyoyi, da masu gadi, da 'yata ta wajen waya, da 'yata ta cikina da take zaune a tsakar gida."

Kofin ya tsaya a hanyar bakin Mai Gabatarwa. A hankali ya juyo ya dubi gilashi. Duk shekara ukun nan, in ya dube ta takan sunkuyar da kai. Yau ta bar idonta a kansa, ba don jarumta ba, sai don wuyanta ya ƙi motsi.

"A taƙaice, Baba," ya ce.

"A taƙaice, ɗana, mai tsaron gidanmu ba shi da laifi. Na yi shekara biyu ina zaginsa, yau na zo neman gafara. Mutum ne da aka bari shi kaɗai a baya, kowa ya tafi gaba neman suna. In ƙwallo ta shiga a ce shi ne. In ba ta zo ba, ba wanda ya tuna yana wurin. Minti casa'in yana tsaye yana magana da raga."

Ya dakata, inda ta saba cewa "to". Ba wanda ya ce komai. Ɗaya daga cikin samarin ya yi 'yar dariya, Manaja ya gyaɗa kai.

"Wannan ne ya kawo ni kan tumatir," in ji Baba.

"Mun gode, Baba, mun gode ƙwarai," Mai Gabatarwa ya ce da sauri, ya yi wa Injiniya alama da hannu. Talla ta shigo, ta wani sabulun wanki. Wutar layi na uku ba ta mutu ba. Ta ɗauki wayar.

"...don shi tumatir ba ya jiran kowa, masu sauraro. Da safe sarki ne, da yamma sai a roƙe ka ka ɗauka. 'Yan takara ya kamata a riƙa kaiwa rumfar tumatir su yini."

"To," in ji ta.

Ya yi minti shida yana magana. Ya rufe da yi wa kowa fatan alheri, ya ce in an ɓata wa wani a shekara biyun nan a yafe. Ya ajiye waya.

Bayan shiri Mai Gabatarwa ya leƙo. Ta miƙe tana jiran faɗa.

"Dattijo, maganar ƙwallo," ya ce. "Lallai Shiru-shiru." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Maganar ragar nan dai ta yi." Ya wuce.

Takwas da kwata, tana naɗe igiyar wayar da za a kai sito, layi na uku ya sake kama wuta. Lambar Baba ce, amma muryar mace.

"Ke ce mai amsa masa?"

"Ni ce, Anti."

"Ya shiga wanka, shi ya sa na ɗauki wayar." Muryar ta gaji, irin ta wanda ya kwana a hanya. "Na ji shi a rediyo. Wajen daƙiƙa hamsin. Da aka sa tallar sabulu na tashi zan buɗe ƙofa in ce masa an gama, sai na ji yana ci gaba. Na tsaya. Yana magana yana dakatawa, kamar ana amsa masa."

Shiru-shiru ta saki igiyar da take naɗewa.

"Kullum haka ne?"

"Yau ne kawai ya fita. Da ranar farko."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata uku."

Matar ta ja dogon numfashi. A bayanta agogon nan suna ta bugawa, kowane da nasa takun.

"Ni ko minti biyu ba na iya yi da shi a waya, in ya fara albasa sai in ce ana kirana a ɗakin marasa lafiya." Ta ɗan yi dariya wadda ba ta kai dariya ba. "Kin san sau nawa na ce ya dawo wurina? Na gyara masa ɗaki, mijina ya sa masa fanka. Sai ya ce ba zai iya ba, masu sauraro suna jiransa bakwai da ashirin. Bara ya faɗi a bakin famfo, sai da maƙwabciya ta ji ta bango. Ya yi kwana uku a kwance."

Shiru-shiru ta tuna kwana ukun. Ta tuna ya dawo ya ce mura ce, ita kuma ta yi murna da jin muryarsa har ta manta da mai jira a layi na ɗaya.

"Ban sani ba, Anti. Wallahi ban..."

"Na sani, ƙanwata. Ban kira don in yi miki faɗa ba. Ban ma san ko godiya zan yi miki ko me ba. Ban gaya masa ba. Da ya fito ya ce kin ji, na ce na ji, Baba, har tumatir. Yanzu an rufe layi, ba shi da hujja. Gobe za mu tafi. Ga shi nan ya fito."

Layin ya mutu. Ta zauna riƙe da wayar har Injiniya ya zo ya zare igiyar daga bango, ya ɗora wayar a kan kwali, ya fita da ita bai yi mata tsiya ba.

Asabar da Lahadi ta yini tsakanin kwalayen takalma. Anti ta tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce lafiya lau, Anti ta ce to miƙo mini lamba arba'in mai ruwan ƙasa.

Ranar Litinin teburin ya yi faɗi. Inda wayar take a da, katakon ya fi sauran haske. Saƙonni suna shigowa a jere, na'ura tana rubuta su tana jefa kowane a gidansa: siyasa, kasuwa, wasanni. Ta zaɓi biyar ta tura tun kafin bakwai da kwata. Mai Gabatarwa ya ɗaga mata babban yatsa ta gilashi. Ba abin da ya rage mata sai kallon allo.

Bakwai da ashirin wani saƙo ya shigo. Na'ura ta rubuta a gefensa: ba a gane batu ba. Kafin ta taɓa shi wani ya biyo, daga lamba ɗaya. Sai na uku. Ta jira har suka tsaya a bakwai, sannan ta sa abin kunne ta danna na farko.

"Assalamu alaikum. 'Yata, a nan tashar ba ta kamawa, don haka ba sai na kashe rediyo ba. Amma na kashe. Jikana ne ya nuna mini inda ake dannawa, ya ce abin yana yanke mutum a minti ɗaya, sai a sake dannawa. Ya ce kuma ba a amsawa. To ni ban iya magana ba a amsa ba, zan riƙa barin miki wurinki."

Ɗakin da yake ciki shiru ne. Agogo ɗaya kawai take ji.

"Na zagaya kasuwarsu jiya. Albasarsu a kan sikeli ake aunawa, ba kashi. Wato a nan ba a ma barin mutum ya ga ramar da idonsa."

Ya dakata. Layin da ke nuna sauti a allo ya kwanta, yana tafiya a miƙe, daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Ta dubi gilashi. Mai Gabatarwa yana karanta sakamakon wasanni, Injiniya ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

"To," in ji ta.